Safarar mutane a ƙauyukanmu da sallama take shigowa gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu yi magana kan wata masifa da ke cin ƙauyukan Jigawa da Kano a hankali, wadda ba a jin labarinta sai ta zo ƙarshe. Ranar da jami'an shige da fice suka tare mota cike da 'yan mata a hanyar Maigatari ko Ɓaɓura, ko ranar da jirgi ya sauke waɗanda aka kwaso daga Libiya ko Agadas a filin jirgin Malam Aminu Kano, ranar ce ake buga labari da hoto. Amma ba a bakin iyaka abin ke farawa ba. A tsakar gida yake farawa, a kan tabarma, bayan an gaisa an sha ruwa.

Da an ce safarar mutane sai hankalin jama'a ya tafi ga satar yara, irin ta yaran Kano tara da 'yan sanda suka gano a Onitsha a 2019, har kotu ta ɗaure jagoran lamarin shekara 104 a 2021. Wannan akwai shi, kuma abin tashin hankali ne. Sai dai a karkara ba sata ce babbar ƙofa ba. Yaran da ke faɗawa cikin bauta, galibi iyayensu ne ke raka su bakin hanya su sa musu albarka.

Dillaliyar da ke kai yara aikatau ta san lokacinta. Ba ta zuwa da kaka, sa'ad da rumbu ke cike. Da bazara take zuwa ko tsakiyar damina, lokacin da gero ya ƙare, maigida ya tafi ci-rani ko ya ci bashin taki, ko kuma a shekarar da ambaliya ta shanye gonaki kamar yadda aka gani a Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa da Ringim a 2022. Kuma ba baƙuwa ba ce. 'Yar garin ce da aure ya kai birni, ko ƙawar gwaggo. Ai da ɗan gari akan ci gari. Za ta yi sallama da 'yar ledarta, sabulu sanda biyu da ɗan magi, ta zauna da uwa a gindin turmi, ta dubi yarinya tana tankaɗe ta ce, “Yaya, wannan ai ta kusa. Me kika tara mata?” Tambayar nan ita ce mabuɗi. Uwar da ke da 'ya mai shekara goma sha ɗaya, ba gado, ba katifa, ba kwano ko ɗaya a ajiye, tunanin kayan ɗaki ba ya barin ta barci. Daga nan sai dillaliya ta ce akwai wata Hajiya mai kirki a Kano, wanke-wanke ne kawai da shara da riƙon yaro, za a sa ta a islamiyya, shekara biyu ta haɗa kayanta tsaf. Ta kwance bakin zani ta ajiye kafin alƙalami.

Kafin alƙalamin nan shi ne igiya ta farko. Kafin yarinya ta isa birni an riga an sayi masara da shi an ci. Don haka ko ta buga waya tana kuka bayan mako biyu, uwa ba ta da bakin cewa a dawo mata da 'yarta, domin za a ce ta fara dawo da kuɗi.

Ranar kasuwa ake fita da su, Alhamis ɗin Maigatari ko Juma'ar Wudil ko Lahadin Dambatta, saboda motoci sun yi yawa, ba mai lura da mace ɗaya da yara mata huɗu ko biyar, kowace da ƙullin kayanta a leda. Abin da iyaye ba su sani ba shi ne dillaliyar da suka gani ba ita ce ke da gidajen aikin ba. A tasha take miƙa yaran ga ta biyu, mai ɗakin da ake tara su kafin a samu mai ɗauka. Wata a kai ta cikin Kano, wata a sa ta a motar dare zuwa Kaduna ko Abuja ko Legas, uwa kuwa tana nan tana cewa 'yarta na Kano. Lambar waya ɗaya ce a hannun iyaye, ta dillaliyar farko. A gidan aikin ma sau da yawa ana sauya wa yarinya suna, wai nata ya zo ɗaya da na surukar gidan. Ranar da aka tashi nema, sai a tarar sunan da ake cigiya da shi ba wanda ya san shi a unguwar.

Sai batun kuɗi, kuma a nan muke so masu karatu su ɗan yi lissafi da mu. Mu ɗauka an yi ciniki da uwar gida a kan naira dubu ashirin a wata, wato dubu ɗari biyu da arba'in a shekara. Albashin watan farko dillaliya ke ɗauka gaba ɗaya, shi ne la'adarta. Sauran watanni goma sha ɗaya a hannunta ake biya, ita kuma ta riga ta gaya wa uwa cewa dubu goma aka yanka. Rabi ya tafi ke nan, saura dubu ɗari da goma. A ciki za ta cire kafin alƙalami, a ce dubu goma sha biyar, ta cire kuɗin mota da na atamfa da silifa, a ce wasu dubu goma sha biyar. Abin da ya rage dubu tamanin, kashi ɗaya cikin uku na gumin yarinya, kuma da ƙyar ya ɗara mafi ƙarancin albashin wata guda na naira dubu saba'in da aka sa wa hannu a 2024. Shi ma ba a hannu yake ba. Za a ce, “Ina zuba mata adashi.” Ba takarda, ba shaida. Ranar da biki ya matso sai a kawo katifa ɗaya da kwanuka saiti biyu a ce shi ke nan.

Akwai wata dabara da ko iyayen gidan ba su cika ganewa ba. Tunda la'ada daga watan farko take fitowa, zaman yarinya a gida ɗaya asara ce ga dillaliya. Bayan wata uku ko huɗu sai ta zo da labarin cewa uwar yarinya ba lafiya, ta ɗauke ta, ta kai ta wani gidan a ranar, ta sake cin watan farko. Shi ya sa ko yarinya ta dace da gidan kirki ba ta daɗewa a cikinsa, kuma kullum sawunta sai ƙara ɓacewa yake yi.

A cikin gidan, ita ce farkon tashi kafin asuba, ita ce ƙarshen kwanciya, a kan tabarma a kicin ko a ɗakin ajiya tsakanin buhunan shinkafa. Da hunturu ka dubi bayan hannunta, duk ya tsattsage saboda ruwan sanyi da omo. Yarinyar da ba ta taɓa ganin tukunyar gas ba ake tura wa girki ba tare da an nuna mata yadda ake rufe ta ba, daga nan ƙuna ke zuwa. Maganar islamiyya ta tsaya a bakin dillaliya. Idan albashi ya taru ba a biya ba, lokacin ne sarƙa ko waya ke ɓata, a ɗora mata sata, a kore ta hannu wofi. Mafi muni shi ne wadda maigida ko ɗansa ko maigadi ya lalata. Da ciki ya bayyana sai a ba ta kuɗin mota da gargaɗin ta rufe baki. Wadda ta gudu kuwa ba ta san sunan titin da take ba, ba ta haddace lambar wayar kowa nata ba.

Ba muna cewa duk aikatau bauta ba ne. Aikin gida sana'a ce ta halal, akwai matan da suka rufa wa kansu asiri da shi, akwai kuma iyayen gida masu tsoron Allah. Abin da ke raba aiki da bauta a fili yake. Za ta iya tafiya ranar da ta ga dama, ko akwai bashin da ya ɗaure ta? Wa ke karɓar kuɗinta? Akwai nata da ya san ƙofar gidan, wanda zai ji muryarta ba tare da wani na tsaye a kanta ba? Inda amsoshin nan suka lalace, ko ba sarƙa ko mari a ƙafa, bauta ake yi. Idan aka ji Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 50 ne ke cikin bautar zamani a 2021, sai a ga kamar labarin wata nahiya ne, alhali irin yarinyar nan ake nufi.

Kakanninmu sun san murgu, wato bawa ya fita ya yi sana'a ya riƙa kawo wa ubangidansa wani kaso. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 aka rufe cinikin bayi a kasuwa, doka kuma ta kashe bautar gaba ɗaya a Arewa a 1936. Amma mai biyan murgu ya san nawa ake bin sa, rarar tasa ce, har yakan tara ya fanshi kansa. 'Yar aikatau a hannun dillaliya ba ta ma san nawa ne fansarta ba. Kuma malamanmu sun san hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira, cewa mutum uku Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama: wanda ya yi alkawari da sunansa ya saɓa, da wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa, da wanda ya sa ɗan ƙwadago aiki, aka gama masa, ya hana shi haƙƙinsa. Muna roƙon limamai su hau mumbari da wannan hadisi a lokacin bazara, lokacin da dillalai ke yawo.

Doka ma ba ta bar wurin shakka ba. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda ta maye gurbin ta 2003 da ta kafa hukumar NAPTIP, ta ce duk wanda ya ɗauki yaro ɗan ƙasa da shekara 12 aikin gida, ko ya nemo shi, ko ya kai shi, ko ya ajiye shi, ko ya karɓe shi, zai sha ɗaurin wata shida zuwa shekara uku. Wato dillaliya da uwar gida duk sun shiga. Aikin tilas kuwa ɗaurinsa bai gaza shekara biyar ba, da tarar da ba ta gaza naira miliyan ɗaya ba. Kuma in dai wanda aka yi safararsa bai kai shekara 18 ba, cewa “ai da yardarta ta zo” ba ya wanke kowa. Jigawa ta sa hannu a kan dokar kare yara a 2021, Kano a 2023. Dokokin na nan, ƙauye ne ba su iso ba.

Igiyar da ke jan ƙanwa zuwa birni ita ce ke jan yayarta, musamman bazawara mai yara, zuwa ƙasar waje. A nan ejan ne ke zuwa a madadin dillaliya. Shi zai yi fasfo, wani lokaci har ya ƙara mata shekaru, shi zai biya gwajin asibiti da biza da jirgi, ya ce, “In kin fara aiki kya biya.” Wani sai an jinginar masa da gonar gado. A sa ta dangwala hannu a takardar Larabci ko Turanci da ba wanda ya karanta mata. Abu na farko da za a tambaya shi ne wace irin biza ce. Bizar Umara ko ta ziyara ba ta halatta aiki a Saudiyya. Ranar da ta ƙare mace ta zama 'yar tikari, ba igama, wato takardar izinin zama, ba ta iya kai ƙarar kowa, in aka kama ta sai gidan tsare baƙi na Shumaisi, a ɗauki hoton yatsunta, a hana ta komawa. Mai bizar aiki kuma tana ɗaure da kafilinta, wato wanda ya ɗauke ta aikin. Duk da dokar ƙasar ta hana riƙe fasfon ma'aikaci, ana riƙewa. In ta bar gidan saboda duka ko rashin biya, kafili ya kai rahoton ta gudu, abin da suke kira hurub, ita ce ta zama mai laifi. Sassaucin da Saudiyya ta yi wa tsarin kafala a Maris 2021 bai haɗa da 'yan aikin gida ba. Ejan na gaskiya yana da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, yana da ofis, yana ba da kwafin yarjejeniya mai albashi da sunan kafili. Wanda ya ce a yi shiru kada 'yan uwa su ji saboda baki, wannan a guje shi.

Hanyar hamada ta fi kowace cin rai. Ana tsallaka iyaka a kan babur ta cikin gonaki, a wuce Damagaram, a isa Agadas. Daga nan a loda mutum sama da ashirin a bayan Hilux ɗaya, ƙafafu na reto a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo, da jarkar ruwa da aka naɗe da buhu. A bi ta Dirku, Madama, Gatrun, sannan Sabha a Libiya. Wanda ya taho a kan “in ka isa ka biya”, direba kan sayar da bashinsa ga mai gidan bashi, inda ake kulle mutum a doke shi ana buga wa iyayensa waya su ji ihunsa. A 2017 duniya ta ga bidiyon da CNN ta nuna ana gwanjon mutane a Libiya a kan dala 400. Ɗaya reshen ya bi ta Arlit da Asamaka zuwa Tamanrasset a Aljeriya, inda ake kai mata da ƙananan yara bara, wasu yaran ma aro aka yi daga iyayensu da alkawarin za a raba abin da aka samu. A wannan hanyar ce aka tsinci gawa 92 a Oktoban 2013 bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su, 52 daga ciki yara ne, kuma akasarinsu daga yankin Kance suka fito, tsallaken iyakarmu kaɗan. A Nuwamban 2023 gwamnatin sojan Nijar ta soke dokar 2015 da ta haramta jigilar baƙin haure, motoci suka koma tashi a fili. Wannan ya buɗe hanya, bai rage zafin rairayi ba, bai rufe gidan bashi ko ɗaya ba.

To me za a yi, tunda talauci ba zai gushe gobe ba kuma mutane ba za su daina fita nema ba? A ganinmu maganin mafi sauƙi yana zauren mai unguwa, kuma bai fi ƙarfin littafi mai bango da biro ba. Kada wata ta bar gari zuwa aikatau sai an zauna a gaban mai unguwa, da uba ko waliyyi, da mai ɗaukar. A rubuta sunan yarinya da shekarunta, a duba da katin rigakafi ko rajistar makaranta, ba da ido ba. Wadda ba ta kai 12 ba magana ta ƙare, ba za ta ba. A rubuta cikakken sunan dillaliya da lambar katinta na ɗan ƙasa, a ɗauki hotonta tare da yarinyar. A rubuta sunan mai gidan da za a kai ta, da unguwa, da layi, da lambar waya, sannan a kira lambar nan take a gaban kowa, a ji albashin daga bakin uwar gida. Wannan kiran kaɗai ya isa ya rushe lissafin da muka yi a sama. A yanka wa dillaliya la'adarta sau ɗaya a fili, sauran kuɗin ya riƙa shiga asusun uwa ko na yarinyar kai tsaye, a cire a wurin mai POS a riƙe rasit. Wani namiji daga gidan ya raka ta ya ga ƙofa da idonsa. A tsayar da ranar waya, kamar kowace Juma'a, da ranar dawowa, kamar kowace Sallah. Yarinya ta haddace lamba biyu da ka, domin takarda da waya su ake fara ƙwacewa. Dillaliyar kirki ba abin da zai hana ta zama a wannan zaure. Hakimai su riƙa neman littafin daga dagatai duk wata uku, shugabannin tasha kuma su riƙa tambayar mai tafiya da yara da yawa inda za ta da su.

In Juma'a biyu suka wuce ba a ji muryar yarinya ba, kada a jira. Kada kuma a fara da zagi da barazana a waya, domin dillaliya za ta kashe layi ta sauya wa yarinya gida. A tattara suna da lamba da ranar tafiya da hoto, a kai wa mai unguwa, a kai ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ko Hisba ko 'yan sanda, a kira NAPTIP a 627 ko a je ofishinta na shiyya a Kano. In daga gidan bashi ake kira, a naɗi muryar, a adana lambar asusun da aka ce a tura kuɗi, domin sau da yawa asusun bankin Najeriya ne, kuma kowane asusu yana ɗaure da BVN na wani. Wannan ita ce shaidar da ke kai jami'ai ga wakilinsu na gida.

Inda shari'o'in nan ke mutuwa shi ne wurin sulhu. Da an kama dillaliya sai dangi su taru a ce 'yar uwa ce, a bar kaza cikin gashinta, ta biya wani abu a rufe magana. Bayan wata biyu ta koma ƙauyen gaba. A karɓi haƙƙin yarinya, amma a bar hukuma ta yi aikinta. Wadda ta dawo kuma kada a tare ta da “me kika kawo?” In akwai zargin an taɓa ta, a kai ta asibiti cikin awa 72, domin a cikin wannan lokacin ne maganin kariya daga cutar HIV ke aiki, akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala a Kano da ke kula da irin wannan. Wadda aka tsangwama a gida ita ce ke sake bin ejan na gaba.

Malam Edita, da yawa daga masu karanta jaridarka a birni suna da irin yarinyar nan a kicin yanzu haka, kuma ba da mugun nufi suka ɗauke ta ba. Hajiya, ki kira ta yau ki tambaye ta sunanta na yanka, da sunan garinsu, da na mai unguwarsu. Ki nemi lambar mahaifiyarta ki gaya mata da bakinki nawa kike biya da tun yaushe. In kin gane ba ta kai 12 ba, ki haɗa mata kuɗinta cif, ki kai ta garinsu da kanki ko ki haɗa ta da amintaccenki, a damƙa ta ga iyayenta a gaban mai unguwa. Kada ki mayar wa dillaliya, domin kafin magariba ta kai ta wani gidan.

Wassalam.

Naku,
Wasu malaman makaranta da ma'aikatan jin daɗin jama'a,
daga karkarar Gumel da Maigatari, Jihar Jigawa.